Cokalin Baba da Koriyar Mota

Ƙarar cokali ce a jikin kofin silba. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, sau uku, daga ɗakin surukina. An kwana biyu da faruwar abin, amma har yau in cokali ya bugi kofi a kicin ɗina sai waccan damina ta dawo mini ɗanya shar. Ko me zan manta na zamanmu a gidan unguwar Soron Ɗinki, wannan kam ba zan manta da shi ba.

Baba, mahaifin maigidana, direban babbar mota ne tun yana saurayi. Kano zuwa Kurmi can Kudu, Kurmi zuwa Kano, har kansa ya yi furfura. Mutum ne mai kwarjini, in ya yi gyaran murya a zaure kowa sai ya gyara zama. Ba ya son hayaniya, ba ya son kallon banza. Sai Allah ya jarrabce shi da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama suka yi nauyi, magana ta koma kalma ɗai-ɗai da ƙyar, daga baya ma ya daina gwadawa. Muka ajiye masa kofi da cokali kusa da gado, in yana da buƙata ya buga. Likita ya ce ƙafar za ta iya dawowa in zai riƙa takawa kullum, ko daga ɗaki zuwa tsakar gida ne, in kuwa ya ci gaba da kwanciya, to kwanciyar ke nan. Baba ya ƙi. Sandar da aka sayo masa tana jingine a bango har gizo-gizo ya yi mata saƙa. Abinci sai dai ya taɓa ya ture. Muna ji muna gani yana ramewa.

A shekarar ne ƙanen maigida, mai sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, ya shigo mana da sabuwar fitina, wato tseren motoci na duniya da ake nunawa a talabijin. Motocin nan ne masu rarrafe da ƙasa kamar ƙadangaru, direba ɗaya a ciki kamar an dasa shi, su yi ta zagaya hanya ɗaya. Wannan makon a wata ƙasa, wani makon a wata, ana tara maki har ƙarshen shekara a fitar da zakara. Yawanci ran Lahadi ake yi, bayan azahar. Da farko maigida, da yake malamin makaranta ne, ya ce wannan ai ɓarnar mai ce kawai. Kafin Lahadi ta uku har ya yi gwani, wani tsohon hannu mai jar mota da ya sha ɗaukar kofi. Ƙanen kuwa yana bayan wani matashi mai shuɗiyar mota wanda ba ya tsoron kowa a kwana.

Daga nan falonmu ya koma kotu.

"Yaya, mutuminka ya tsufa. Ya je ya riƙa jan jikokinsa makaranta mana."

"Ba shi motar da yaronka yake ja ka gani. Wannan shuɗiyar ko kai aka ɗora za ka zo na uku."

"To ka ga ka yarda ke nan mota ce ke ci, ba suna ba."

"Ban yarda ba. Mota ba ta da hankali. Wa yake sanin inda zai taka birki?"

Haka za su yi ta yi, mota ce ko direba ne, har shayi ya huce. Wani makon kuma rigimar ta koma kan alƙalan tsere, don sun ci tarar mai shuɗiya daƙiƙoƙi saboda ya ture wani daga hanya. Ƙanen ya kwana uku yana cewa zalunci ne. Wadda ta fi zafi ita ce ranar da aka ce wa abokin aikin mai jar mota, ta rediyon kunne, ya matsa gefe ya bar babbansa ya wuce. Maigida ya ce tarbiyya ke nan, ƙarami ya ba babba hanya. Ƙanen ya ce, "In babban ba ya gudu fa, Yaya?" Na ga maigida ya ajiye kofi ya kalle shi. Na ce a raina, wannan ba maganar mota ake yi ba.

Ni ma fa ban tsira ba. Ina kawo shayi ina tsayawa a bakin ƙofa, tsayuwa ta koma zama. Abin da ya fara burge ni shi ne makanikan nan da suke rufar wa mota, kafin ka ƙifta ido sun cire tayoyi huɗu sun sa sababbi. Ni da nake shafe rabin awa ina sa wa 'yata takalmi da safa. Sai na tsinci kaina ina jin tausayin wani mai koriyar mota, bawan Allah da kullum yake tsakiya, ba a nuna shi sosai, in an tambaye shi bayan tsere sai ya gode wa makanikansa. Ƙanen miji ya samu abin tsokana. "Matar Yaya, naki ya zo na tara yau. A dafa shinkafa ko a bari sai ya zo na takwas?" Na ce masa ya bari, Allah ba ya barci.

To ga inda muka yi kuskure. Duk Lahadin da injinan nan suka fara kuka, sai mu ji ƙwal, ƙwal, ƙwal daga ɗakin Baba. Nan take 'ya'yansa su shiga taitayinsu, a danne murya gaba ɗaya, a koma musu da raɗa kamar ɓarayi. Babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi. A gidanmu ba a tambayar Baba dalili. Maza masu gemu ne su biyun, amma tun suna yara sun san in Baba ya yi motsi ana kallo, to kashewa ake yi. Muka shafe watanni a haka, muna ganin ladabi muke yi.

Wata Lahadi 'yata, wadda lokacin take da shekara shida kuma ita ce mai kai wa kakanta abinci, ta yi barci. Na ɗauki kwanon da kaina, da niyyar in ajiye a bakin ƙofa in yi sallama in juya, kamar yadda suruka take yi. Iska ta ɗaga labule. Sai na ga Baba zaune a bakin gado, ya karkata kunne wajen falo. Ya riƙe murfin kwano da hannun hagu yana juya shi a hankali, dama, hagu. Duk sanda kukan injin ya sauka, sai ƙafarsa mai lafiya ta danna ƙasa. Canjin giyar motocin yake bi da kunne. Ya ɗora murfin a cinya, ya ɗauki cokali ya buga sau uku. A falo aka kashe murya ɗif. Ya jima yana saurare, sannan ya ajiye murfin, ya kwanta, ya juya fuska bango.

Na koma kicin na yi kuka har da shessheƙa.

Da na faɗa wa maigida, bai yarda ba. "Baba? Baban da ya taɓa kulle mana rediyo a akwati wata guda? Ke dai kin ga abin da kika gani, amma ni ba zan iya tsayawa gabansa in ce ya zo kallo ba." Ƙanen ma ya ce shi ba shi da wannan ƙarfin halin. Ni kuwa suruka ce, ko ido ba na haɗawa da shi. Na yi ta addu'a a kan abin mako biyu. Daga ƙarshe na tuna akwai mutum ɗaya a gidan da ba ta jin nauyin Baba ko kaɗan.

Ranar tsere ta gaba an wayi gari da ruwa, tsakar gida duk ta jiƙe. Da aka fara, cokali ya yi ƙara. Kafin a taɓa rimot na ce, "Don Allah ku bar shi haka." Na ja 'yata muka je. Na durƙusa a bayan labule, na ce mata, "Shiga ki tambayi angonki ko yana son ganin motocin."

Ta faɗa ɗakin. "Alhaji, wai in ji Umma kana son kallon motoci? Amma fa sai ka taso, ni ba zan iya goya ka ba."

Na kasa kunne. Sai na ji ƙarar sanda ta bar jikin bango.

Taku goma sha huɗu ne daga ƙofarsa zuwa falo, na ƙirga su da bakina ina salati. 'Ya'yansa sun fito a guje za su ɗauke shi, ya ɗaga sanda ya hana su. Jikarsa ce a gaba tana cewa, "Yi a hankali a kwanar rijiya, akwai santsi." Da ya zauna a kujera yana haki, su biyun suka sauko ƙasa kan tabarma. Baba ya nuna talabijin da haɓa. Aka ƙaro murya.

Ba a yi zagaye biyar ba kunya ta fara guduwa. Mai shuɗiya yana gaba, mai ja yana manne da shi a baya kamar kaska. Ƙanen yana ta dukan cinyarsa, maigida yana cewa, "Matse shi, matse shi." Can ƙasar da ake tseren ma hadari ya haɗo, an nuno 'yan ɗigo a gilashin kyamara. Nan sabon musu ya tashi. Tayoyin da ke jikin motocin na rani ne, sumul babu zane, in ruwa ya sauka sai a canja masu zane. Amma duk wanda ya tsaya canji zai koma baya. Maigida ya ce yayyafi ne zai wuce. Ƙanen ya ce wauta ce a tsaya yanzu. Karon farko a shekarar da bakinsu ya zo ɗaya.

Baba ya sunkuyo yana kallon kwaltar, ba motocin ba. Leɓensa ya yi ta motsi. Sannan muka ji muryar da muka yi watanni ba mu ji ba.

"Taya."

Muka juyo gaba ɗaya. Ya nuna inda kwalta ta fara sheƙi a wata kwana, ya sake cewa, "Taya. Yanzu."

Wallahi kamar an ji shi a can. Mota ɗaya ce ta kauce ta shiga wajen makanikai, kuma koriyata ce. Ta fito a can ƙarshen layi. Ƙanen ya yi dariya ya ce, "Matar Yaya, yau ko na taran babu." Baba ya ɗaga masa yatsa ɗaya, alamar ya jira.

Zagaye biyu aka ƙara, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Motoci suka fara rawa a hanya, wata ta yi juyi ta shige cikin tsakuwa, kowa ya ruga canjin taya a lokaci ɗaya har ana jiran layi. Koriyata kuwa tana ta wuce su ɗaya bayan ɗaya, ruwa na tashi a bayanta kamar hayaƙi. Na bakwai. Na biyar. Na huɗu, jar mota da shuɗiya a gabanta ƙiris. Ban san sanda na miƙe ba, mayafi a kafaɗa, ina cewa, "Allah ka kai bawanka." A gaban surukina fa. Shi kuwa yana dariya da rabin fuska, sandarsa tana buga ƙasa.

Saura zagaye kaɗan, sai ladanin masallacin ƙofar gida ya kira la'asar.

Baba ya gyara zama. Tsohon kwarjinin nan ya dawo fuskarsa tsaf. Ya ce, "Salla." Ƙanen ya kalli talabijin kamar zai yi kuka, amma shi da kansa ya kashe. Maigida ya ce bari a kawo wa Baba buta da darduma. Baba ya girgiza kai, ya nuna zaure da sanda. Masallaci yake nufi. Rabonsa da ƙofar gida tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti. Na tsaya ina kallon bayansu, babba a dama, ƙarami a hagu, suna tafiya da saurin Baba, babu mai wuce wani.

Na yi sallata a nutse, ban gaggauta ba, ko da yake ba zan ɓoye ba, sai da na yi yaƙi da zuciyata. Da na sallame na kunna, na tarar an gama. Suna dawowa suka yo kaina da tambaya. Na ce sai Baba ya zauna tukuna. Sannan na durƙusa na ce, "Baba, naka ya zo na biyu. Ya wuce ja, ya wuce shuɗi." Ya ce, "Namu." A daren ya cinye tuwonsa tas, har ya buga cokali a ƙaro miya.

Shuɗiyar mota ce ta ɗauki kofin shekarar, kuma har yau 'yan'uwan nan ba su gama musun mota ce ko direba ba. Baba ya ƙara shekaru yana zuwa masallaci da ƙafarsa kafin Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa da rahama. Ni dai na koyi cewa girmama babba ba ya nufin a yi nesa da shi. Mun yi ta yi masa shiru muna kiran abin ladabi, ashe kaɗaici muke ƙara masa, alhali tambaya ɗaya ce tsakaninmu da shi.

'Yata ta riga ni fahimtar haka. A yammacin ranar, ina wanke kofin silbar nan, ta tsuguna kusa da ni ta ɗauki cokalin tana jujjuya shi. Ta ce, "Umma, ni fa na san kiranmu yake yi. Ku ne kullum kuke cewa in yi shiru."