Koriyar Suwaitar Mama Afiniki

Kafin 'yan acaɓa su fara karakaina a Kafanchan, Mama Afiniki ta riga ta share gindin mangwaron bayan cocinmu, ta jera bencina, ta zauna da kwandon ulunta. Haka take yi kowace Laraba tun da ta tara mu matan unguwa muka kafa ƙungiyar saƙa. Aikinmu ɗaya ne: huluna da safa na jarirai bakwaini, masu kai kamar lemo. Doreen, nas ɗin ɗakin jarirai, ita ke zuwa karɓa. Ta sha gaya mana cewa ta kai sanyi ke kama irin waɗannan yara, kuma in ya kama ba kowanne ke tashi ba.

Mama ce ta koya mana riƙe allura, har da ni mai hannun haƙar doya. Ita ta nuna mana yadda ake sayen tsohuwar suwaita a gwanjo, a warware, a turara zaren a bakin tukunya har ya miƙe. Ba ta taɓa zama shugaba ba. In an zo ɗaukar hoto ma, sai ka same ta tana kwashe bencina.

To bara muka yi abin kunya. Mun yi alkawari kowacce za ta kawo ulu kafin sanyi ya shigo. Sai ga haƙar citta, ga ankon bukukuwa, ga shirin Kirsimeti. Muna zuwa hannu wofi, baki cike da labari. Amma huluna ba su yanke ba. Doreen na tafiya da su kowane mako, koraye shar, kuma babu wadda ta tambayi daga ina zaren yake fitowa.

A lokacin ne Mama ta fara zuwa sujada a lulluɓe da zane. Koriyar suwaitar marigayi mijinta, Baba Gershon na reluwe, wadda ba ta rabuwa da ita tun rasuwarsa, ta ɓace daga jikinta. Mu kuwa muka samu abin taunawa, wai 'ya'yanta sun yi watsi da ita, wai sayarwa ta yi. Keziya, sakatariyarmu, ta kasa haƙuri ta tambaye ta.

"Mama, ina suwaita na Baba?"

"Ku bar maganan suwaita," in ji ta. "Miƙo mini almakashi."

Bayan sabuwar shekara ciwon haƙarƙari ya kwantar da ita a asibiti. Da muka je dubiya, Doreen ta ja mu zuwa tagar ɗakin jarirai. Ga su nan a jere suna barci, kowanne da koriyar hula. Keziya ta damƙe hannuna. Ni dai ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har na kasa komawa in haɗa ido da Mama.

Mama Afiniki, ke ce kika warware abin da ya rage miki na mijinki, kika zauna cikin sanyi, ba ki ce wa kowa uffan ba. Ke ce muka ci namanki a bayan ido kina rufa mana asiri. Uwar bakwaini, mun gode, kuma ki yafe mana.

Ta warke, amma yatsunta sun ƙi allura. Ƙarshen watan nan za ta koma wurin 'yarta a Kagoma. Muka je a sunkuye muka ce za mu saƙa mata sabuwar suwaita. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kuna da ulu kenan?" ta ce. "In kun saƙa, zan warware shi. Sanyi na zuwa."

Saboda haka duk mai tsohuwar suwaita a ƙasan akwati, mace ko namiji, ya fito da ita. Ranar Laraba muna gindin mangwaro, kuma yanzu mu ne za mu yi sharar.