Sukarin da Muka Ƙona a Gaban Kawu Habu

Ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da muka ƙona sukari a aji, a bazarar da ta biyo bayan farin tamanin da huɗu. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku saurara.

Ni ba malami ba ne, aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko. Ma'aikacin labo ne ni a lise, babbar makarantar sakandare, nan Damagaram. Labo shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Aikina in wanke kwalabe, in jera kaya a tebur kafin malami ya shigo, in kwashe bayan ya fita. Wanda nake ƙarƙashinsa Mushe Iliya ne (Mushe muke ce wa malami, daga Faransanci), malamin shimi, wato ilimin sinadarai, ɗan gidan Kirista na nan garin, mutum mai gaskiya da zafin aiki. Idan jarrabawar bak ta gama sakandare ta matso, yakan tara ƴan ajin ƙarshe ya yi musu bita tun daga tushe: mene ne asid, me ke narkewa a ruwa, da me aka yi kowane abu. Ba ya yarda da allo kaɗai. Yakan ce, "Lawali, abin da yaro ya gani da idonsa ba ya ɓace masa a ɗakin jarrabawa."

A makon bitar ne Kawu Habu ya iso daga Gafati da matarsa da jikoki. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Gero bai yi ba, awaki sun ƙare, ya zo ya sauka a gidana a Zango. Da safen ranar ya ja ni zaure ya ce, "Ɗana, yaran nan ba su iya haɗiye jar dawar taimako. Ko ɗan abin da za a sa musu a kunu babu?"

Na ce, "Wallahi Kawu, ko ƙwayar sukari ba ni da ita."

Gaskiya na faɗa, kuma ya yarda. Ya ce Allah ya hore.

Da hantsi Mushe Iliya ya ce in fito da gwangwanin sukarin labo da kwalbar asid mai ƙarfi. Sukarin na gwamnati ne, a kabad yake kulle, mabuɗi na hannun Mushe. Na zuba a kofin gilashi, fari fat. Ya ce wa yara, "Ku kalla da kyau. Sukari gawayi ne da ruwa a haɗe. Asid zai janye ruwan. Me zai rage, Falmata?"

Falmata, wata yarinya mai kai ƴar gidan Barebari, ta ce, "Karbon, Mushe."

"To, Lawali, zuba."

Na zuba. Sukarin ya yi ja, ya yi baƙi, ya fara tafasa, sai ya kumburo ya miƙe daga kofin kamar maciji, yana hayaƙi. Ƙamshin ƙonannen alewa ya cika ɗakin. Yara suka yi ihu, wani daga baya ya ce, "Mushe, a raba mana!" aka yi dariya. Ni ma na yi. Ina cikin dariyar na ɗaga kai na ga Kawu Habu tsaye a taga, ya dafa ƙarfe. Matata ce ta kwatanta masa wurin, ƙaramar jikarsa ba ta da lafiya, ya zo in kai su likita.

Na fita da safar roba a hannuna. Bai ɗaga murya ba.

"Ashe aikinka ke nan."

"Kawu, karatu ne. Ba nawa ba ne."

"Baƙin abin nan ana ci?"

"A'a. Guba ne yanzu."

"To me aka samu?"

Na ce, "Gawayi."

Ya dube ni, ya ce, "Gawayi muna da shi a Gafati, Lawali. Itatuwan duk sun mutu."

Sai bakina ya ce, "Ɗan kaɗan ne fa." Da na yi shiru ya fi.

Muka kai yarinya likita. Da na koma, Mushe Iliya ya tambaye ni wane ne tsohon. Na gaya masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Bayan la'asar ya biyo ni har gida da sukarin gidansa a ƙulle a takarda, ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ce, "Baba, ni na ba shi umarni. In laifi ne, nawa ne."

Kawu ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, ya karɓi ƙullin da hannu biyu, ya sa albarka. Sannan ya ce, "Malam, kai aikinka ka yi, ba ka san ni ba. Shi ya san ni."

Da yarinyar ta ji sauƙi, ya kwashe iyalinsa suka yi kudu. Na roƙe shi ya zauna, ya ce kada ya yi mini nauyi. Sun komo Gafati da damina. Na ci gaba da zuwa gaishe shi har ya rasu, yana amsawa, amma bai sake kirana zaure ya roƙe ni komai ba.

Akwai wani ajin ƙarshe da ya rage ba a yi musu ba; su a allo Mushe ya zana musu gwajin. Ban ce masa ya yi haka ba.

Har yau ban san abin da ya kamata in yi ba a ranar. Sata ba zan yi ba, ƙin umarni ba zan yi ba, kuma yaran suna da haƙƙin karatunsu. Abin da zan gaya muku kawai, kayan da muke jerawa a tebur, gishiri ne, mai ne, ruwa ne, a wajen katanga abinci ne. Kafin ka zuba, ka dubi taga.

Falmata ta ci bak, yanzu tana da kantin magani. Duk ranar da na shiga sai ta ce, "Baba Lawali, baƙin macijin nan ban manta shi ba!" Nakan ce ni ma haka, in karɓi maganina in fita.