Layin da Kawu Ya Sa Aka Goge

Har yau in na ga kore a allon kwamfuta sai raina ya ɓaci, kuma Kawu ne ya jawo.

Kawu ƙanen Inna ne, shi ke da cibiyar kwamfuta a Yelwa inda yara ke rubuta jarrabawar shiga jami'a. Ni na haɗa masa aikin. Babbar na'ura guda ce a ɗakin baya, a cikinta ake ƙirƙirar ƙananan kwamfutoci marasa jiki, kowane ɗalibi da tasa a allon gabansa. A da, ɗaya bayan ɗaya ake saita su da hannu, wannan ta yi, waccan ta ƙi. Da na gaji sai na zauna na rubuta umarni guda: a danna, ya gina su duka iri ɗaya kamar bulo, sannan ya bi su da gwaji. Wadda ta ci ta nuna kore, wadda ta faɗi ta nuna ja. Na ji daɗin kaina, ba zan ɓoye ba. Har na kira ƙanwata a Wara na ce ta zaɓi cibiyarmu, injina ba ya ƙarya. Yarinyar nan shekara guda ta yi tana karatu tsakanin girki da shanyar kifi.

Jarrabawa ta matso, sai gwaji ya nuna ja. Agogon na'urorin ya saɓa da na masu jarrabawar, kuma in agogo ya saɓa, can ba sa buɗe wa kowa ƙofa. Ɗan batirin babbar na'urar ne ya mutu. Na gaya wa Kawu na aika a kawo sabo daga Kontagora, kada kowa ya taɓa komai, zan je ta'aziyya Shanga in dawo.

Ashe masu duba cibiyoyi za su zo a bayana. Kawu kuwa mutum ne da in zai yi baƙi, ko tsagewar bango sai ya rataya mata darduma. Ya kira wani mai gyaran waya daga kasuwa, wai a cire masa jan nan. Shi kuma gwanin banza ya buɗe rubutuna, ya lalubo layin da ke duba agogo, ya goge shi. Allo ya koma kore shar. Baƙi suka yaba, suka ci soyayyen kifi, suka kama gabansu.

Da safiyar jarrabawa na dawo. Na tambayi Kawu ko batiri ya iso, ya nuna mini allo, ya ce komai ya daidaita. Ɗaki ya cika, wasu yaran tun asuba suka tsallako tafki a kwale-kwale. Aka ce a fara. Ko ɗaya ba ta shiga ba. Iri ɗaya na gina su, iri ɗaya suka ƙi, ga kore yana ta ƙyalli a bango. Kafin in gano layin da ya ɓata in saita agogo da hannu, lokacin zamansu ya wuce, an rufe daga can.

Na sami Kawu a ofis.

"Ɗana, ba a gwada ma baƙo ja," in ji shi. "Da sun ga wanga abu, da sun rufe muna wuri."

Na ce masa jan nan shi kaɗai ne mai faɗa mana gaskiya a ginin nan, amma ya sa aka toshe wa jan baki don a ce masa sannu da ƙoƙari. Wallahi da ba ƙanen Inna ba ne, da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Sauran na haɗiye.

Na raka ƙanwata bakin ruwa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta riƙe jakarta a ƙirji, sai da za ta shiga jirgi ta juyo.

"Yaya, kai ka ce ba ya ƙarya."

Na buɗe baki in yi mata bayanin layi da agogo, sai na ga ba abin da zai mayar mata da shekararta. Mai jirgi ya tayar da inji.