Har Karen Mai Gida Ya Shiga Waƙar Awudu

Duk wanda ya san Awudu ya san rikodarsa. Tun ana yayin ɗaukar ƙatuwar rikoda a kafaɗa har aka daina, har jikokinmu suka koma jin waƙa a waya, shi yana nan da abarsa, kafaɗar dama ta karkace. Batir kuwa ba ya mutuwa a hannun Awudu. In ya yi sanyi sai ya ciro, ya ɗan gatsa da haƙori, ya jera a kan hitar ɗumama ɗaki, tunda ranar New York ba ta da ƙarfin shanya. Ka ce ya sayi sabo, sai ya ce, "Chale," wato aboki a bakin 'yan Kumasi, "bai mutu ba, hutawa yake yi."

Ku da kuka taru ta'aziyyarsa, kun ce in faɗi alherinsa tunda ni ne abokinsa na ƙuruciya. Zan faɗa, amma ku bari in fara da haushina, don na daɗe ina riƙe da shi.

Muna samari muka haɗu a unguwar Bronx, shi daga zangon Kumasi, ni daga Kano. Lokacin kiɗan rap yana rarrafe, ana jona wuta daga fitilar titi a kafa sifiku a filin wasa. Ni ke yin kiɗa da baki har leɓena ya kumbura, shi ke riƙe da makirfo. Na fi shi murya, na fi shi Turanci, kyau kuwa ba a ma magana. Abu ɗaya ya fi ni: ya taso yana bin maroƙan biki a zango. Sai ya riƙa kiran mutanen unguwa da suna, ɗaya bayan ɗaya, yana wasa su a cikin kiɗa. Amurkawa suka ruɗe, sun ɗauka shi ya ƙirƙiro abin.

Kafin in ankara wani mai buga faifai ya ɗauke shi. Waƙarsa ta shiga rediyo, 'yan mata na tsayar da shi a tashar jirgin ƙasa, ya rataya sarƙar da ya rantse zinariya ce, alhali ta mayar masa da wuya kore. Ni kuma na zama mai riƙe masa jaket. Baƙin ciki kamar ya kashe ni, ba zan ɓoye muku ba.

Duk wannan da na haƙura. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a waƙar nan ya kira mai aski, ya kira mai sayar da fiza, ya kira tsohuwar da ke zaginmu ta taga, ya kira karen mai gidanmu. Ni da kiɗan bakina ke ƙarƙashin waƙar, ko sau ɗaya bai kira ni ba. Dalili? Sunana Sulaimanu, sunan mahaifinsa ke nan, su Sulemana suke cewa. Mutumin da ke tsalle a kan dandamali da wando kamar buhu, wai shi ne mai kunyar sunan uba. Mai-sunan-Baba yake kirana, ko a gaban Turawa.

Na tare shi na ce, "Awudu, nan fa Amurka ce. Babanka yana Kumasi, bai da ko rediyon da zai kamo ka."

Ya ce, "Shi bai ji, amma bakina na ji."

"To ce mini Sule."

"Haka abokansa ke kiransa."

"Har kare fa ka saka!"

Ya dube ni da tausayi. "Mai-sunan-Baba, ka yi hankuri. Karen nan sunansa ba Sulemana ba."

Na ƙaurace masa, ban je wasansa ba sai da na ji an ɗauko wani yaro yana yi masa kiɗan baki. Sai ga ni na dawo da kaina.

Yayin Awudu bai daɗe ba. Sababbin yara suka taso da zage-zage, shi kuma ya ce bakin da ke salla ba zai zagi uwar kowa ba. Ya koma tuƙin tasi, inda duk fasinjan da ya shiga sai ya ji tsohon faifan, ko yana so ko ba ya so. Kuna tsammanin kishina ya kwanta? Ina asibiti ina aikina da albashina, amma in muka shiga unguwar Harlem wani mai furfura zai tsallako titi ya rungume shi, ni a miƙo mini waya in ɗauke su hoto.

Da ya sami ɗan fari, liman ya raɗa suna Sulemana. Na gyara zama ina jiran barka. Jama'a suka wuce ni suna cewa, "Madalla, ya yi wa babansa takwara." Yaron ma Baba ake ce masa har yau, ga shi can zaune yana dariya. Wato sunan nawa an ƙara samun masu ƙin faɗarsa.

Da ciwo ya kwantar da shi, na je duba shi wata ranar Juma'a bayan masallaci. Ya rame ƙwarai, murya ta dushe. Na ce yau dai sai na ji.

"Awudu, tsakaninka da Allah, yaron nan sunana ka sa masa ko na babanka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya kamo hannuna. "Baba na da takwara cike da Kumasi, kowane ɗan'uwana ya yi masa. Wannan naka ne. Waƙa tana tsufa, chale. Na sa ka inda za a daɗe."

Na ce a raina ai da ya faɗa tun tuni, na ƙara damƙe hannunsa.

Allah Ya jiƙan Awudu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya kiyaye sunan mahaifinsa a ƙasar da ba mai tuhumarsa, Allah Ya kira shi da nasa sunan cikin bayin da Ya yarda da su. Amin.