Ƙarafan Gaban Motar Baba

Ranar wata Laraba, bayan an gama yankan gero, shekarar da na shiga aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko, Baba ya ɗora ni bayan motonsa mai ƙafa biyu muka bar Madarunfa zuwa Ɗan Issa. Abu guda ya kai mu: ƙarafan nan biyu da ke riƙe ƙafafun gaban mota, su juya da su in an murɗa sitiyari. Su kaɗai suka rage a gama motar tseren da Baba ya shekara uku yana ƙerawa a bayan rumbunmu.

Kada ku zaci wata abar kirki ce. Injin moto ne, da bututun ruwa, da kujerar amalanke, da ƙofar wani tsohon firiji. Kajinmu sun yi ƙwai a cikinta har sun ga jikokinsu. In na dawo daga ɗebo ruwa ko yi wa jaki ciyawa, ciki nake shigewa ina tuƙi da baki, har Makka na sha zuwa kafin Inna ta kira ni daka barkono. A filin lakwal kuwa na cika yara da cewa iska ma sai ta nemi izini kafin ta wuce mu. Su suna jan motocin kara, ni ina kallonsu kamar gwamna.

A rumfar mai kayan mota aka ajiye mana iri biyu. Ga tsofaffi, baƙi ƙirin, da aka ciro daga wata matacciyar mota. Ga sababbi cikin kwali, farare tas, kana ganin haƙoranka a jikinsu. Baba ba da ido yake sayen ƙarfe ba, rataye shi yake da zare ya ƙwanƙwasa. Tsohon ƙarfen ya yi kuka mai tsawo kamar ƙararrawar lakwal. Sabon ya ce "ɓus", ya yi shiru. "Ka ji?" in ji Baba. "Wannan akwai iska cikinai."

Ni ko na ji? Na faɗi ƙasa na yi birgimar da sai da awakin kasuwa suka tsaya kallo. Wane ido zan kalli yara da shi, mota da ƙafafun tsatsa? Mai rumfa ya sa baki: "Haba Malam Idi, yaro ya fi ka ido!" Baba ya daɗe yana dubana, ya sake ƙwanƙwasa sabon, ya ce a ɗaure mana sababbin.

Ranar gwaji rabin gari ya fito hanyar tafki. Baba ya kama sitiyari, motar ta tashi da ruri, ta yi gudun da har yau ina rantsuwa ya isa garin Safo cikin numfashi guda. A kwanar farko ƙarfen hagu ya karye kamar rake. Taya ta kama hanyarta ita kaɗai, mota ta kifa cikin karan dawa, hannun Baba na dama a ƙarƙashinta. Mutane sai da suka gama dariya sannan suka ruga.

Hannun ya ɗoru a karkace, bai ƙara riƙe guduma da kyau ba. Gari ya sa masa suna Ƙafa Uku, da shi aka kira shi har ranar jana'izarsa. Duk wanda ya tambaye shi yadda aka yi, amsa guda ce: "Ni na zaɓa." Da ya zane ni sau ɗaya, da na huta.

Yau ga ni da furfura da tumbi, yara na nuna mini ƙarafan mota a cikin salula, masu ƙyalli, a saya ba a taɓa ba. Ni kuwa ko kwanon miya zan saya sai na ƙwanƙwasa, 'yan kasuwa na yi mini dariya, ina taya su. Kunnen da Baba ya nema a wurina rannan, yanzu ina da shi, sai dai babu wanda zan ce wa na ji.