Fanka Biyu a Motar Ɗan'azumi

Ɗan'azumi direba bai iya zama ba. Shekara ashirin da biyu muna katanga ɗaya da shi a Babban Giji, ban taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba. Daga wani ƙauye a ƙasar Sumaila ya zo Kano yana saurayi. Ya yi kwandasta, ya ja bas, daga baya ya samu tuƙi a wata ma'aikata. Da ya yi ritaya aka yi gwanjon farar wagon ɗin da yake tuƙa musu, ya saye ta. Motar ta girmi babban ɗansa Murtala, shi kuwa Murtala har ya fara furfura a gemu.

Matarsa Sa'adatu ce ta kamu da ciwon ƙoda. Talata da Juma'a, ƙarfe takwas na safe, ake yi mata wankin ƙoda a asibitin koyarwa. Injinan wankin kaɗan ne, masu jira da yawa. Wanda bai zo a kan lokaci ba sai a ɗora na bayansa, kuma daidai ne. Sau biyu na ga yadda take komawa in wanki ya wuce ta. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya dawo sama-sama, tuwo ma ba ya shiga. Ni nake raka ta, don 'ya'yanta mata duk suna nesa. Adaidaita sahu kuwa ta fita daga lissafi tun ranar da wani ya faɗa rami da mu, bututun da aka sa mata a wuya ya yi ta zubar da jini. Saura motar.

Tafiyar ba ta da nisa. Matsalar ita ce gosulon Gyadi-Gyadi da safe, ga kuma zafin bazara. Fankar motar ta asali da fambel take juyawa. In mota na gudu ita ma ta yi gudu, in an tsaya a gosulo sai ta yi kasala, ruwan lagireto ya tafasa. Jarka biyu Ɗan'azumi yake yawo da su. Ya fita, ya buɗe bonet, ya zagaya motar, ya dawo ya leƙa allurar zafi, ya sake fita.

Murtala ya ce, "Baba, a kira 'yan gwangwan su ɗauke ta kawai."

"In sun zo sai su haɗa da kai," in ji shi. "Kai ma ba ka tashi da safe sai an tura."

Ran wata Litinin ya je Ƙofar Ruwa ya sayo fankar lantarki da aka ciro daga wata motar, irin wadda ke shan wuta daga batir, ba ruwanta da gudun inji. Ya kai wa Bello mai gyaran wayar mota a Gyadi-Gyadi. Bello ya ce a cire tsohuwar a sa sabuwar a gurbinta, a bayan lagireto. Ɗan'azumi ya ƙi.

"Shekara talatin da wani abu tana aiki ba ta taɓa neman hutu ba, in kore ta don baƙuwa ta zo? Nemo wa baƙuwar wuri."

Bello ya ɗaure ta a gaban lagireto, a bayan ragar gaban mota. Ana cikin jan waya aka kira la'asar. Bello ya yi salla ya wuce cin abinci. Ɗan'azumi ya idar, ya zagaya motar sau uku, Bello bai dawo ba. Ya duba ya ga waya biyu ne suka rage. Ya haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, ya murɗa makulli, fanka ta ɗauki ƙugi. Ya rufe bonet ya taho gida. Har cikin gidana ya aiko in fito in ji ƙararta. Na ji. Ƙara ce.

Washegari bakwai da kwata muka fita, ni da Sa'adatu a baya. A ƙofar gida ya bar jarka ɗaya, wai yanzu an wuce wannan. Muna shiga gosulo ya fara buga sitiyari da yatsu. Ba mu yi minti biyar ba allura ta haye ja, wurin da a da sai mun yi kwata kafin ta kai. Tururi ya taso ta gefen bonet. Ya gangara gefen titi ya kashe inji, ya bar makulli a buɗe don fankar ta ci gaba da aiki.

Bakwai da rabi ta wuce. Ya buɗe bonet, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya taɓa fambel. Ya leƙa ƙarƙashi. Masu adaidaita sahu suna ta tsayawa suna cewa, "Hajiya, asibiti ne?" Na kore su.

Cikin motar ya zama tanda. Sa'adatu ta ce a fito da ita. Na riƙe ta muka zagayo gaba, ta jingina da motar tana maida numfashi. Can ta dubi ƙasa.

"Malam."

"Bari, Sa'a, ina tunani."

"Malam, wannan fankar taka ni take yi wa fifita ko injin?"

Na duba. Bakin mayafinta yana kaɗawa waje, yana nesa da motar, iska mai zafi na dukan ƙafafunmu. Ni ba makanike ba ce, amma na yi sakandare, na san iska ciki ya kamata ta shiga. Na ce, "Ɗan'azumi, tsohuwar tana ja ciki, sabuwar tana ja waje. Lagireton a tsakiya me zai samu?"

Ya kira Bello a waya, ya sa a sifika.

"Haba Baba! Wa ya ce ka haɗa? Ai a bayan lagireto aka ƙera ta ta zauna. Tunda ka sa na maida ta gaba, juya wayoyin zan yi. Na dawo na tarar ka gudu."

"To ina ka tsaya, tuwon biki ka je ci?"

"Sa ja a wurin baƙa, baƙa a wurin ja. Kashe makulli tukuna!"

Da haƙori ya ɓare tef ɗin. Ya juya wayoyin ya murɗa makulli. Sa'adatu ta miƙa bakin mayafinta. Ragar motar ta tsotse shi ya manne.

Sauran jiran shi ne mai wuya, don ba a buɗe lagireto yana tafasa. Minti takwas ya yi yana zagaya motar da jarka a hannu, na ƙirga zagaye goma sha ɗaya. Ya sa tsumma ya buɗe murfin a hankali, ya ta da inji, ya ɗura ruwa. Muka koma cikin gosulon. Allura ta hau rabi ta tsaya. Kowane minti sai ya ce, "Hajiya, duba mini." Na ce ya duba titi.

Takwas saura minti uku muka shiga ɗakin wankin. Nas Nafisa tana riƙe da takardar sunaye, ta ce, "Inna, har na fara waige." Aka ɗora ta.

Sa'adatu ta ƙara shekara ɗaya da wata bakwai kafin Allah ya yi mata rasuwa. A cikinsu wanki bai sake wuce ta saboda mota ba. Bayan arba'in Murtala ya sake kawo zancen 'yan gwangwan, uban ya ƙi. Akwai wani tsohon malamin makaranta a Ƙauyen Alu da wata mata a layinmu da su ma ake yi wa wankin. Talata da Juma'a, bakwai da kwata, shi yake kai su. Kafin ya tashi sai ya yagi takarda ya kara a ragar gaban motar, ya ga ta manne.