Hannun Mai Ɗura Harsashi

Ruwan sama ne ya koro Kambai, ɗalibin da arzikin fetur ya kawo Landan, cikin wani shagon tsofaffin bindigogi a Plumstead. A kusurwa ga wani dattijon Bature, kwat ɗinsa duk faci, yana auna albarushi yana ɗurawa a kwanson harsashin wata libarba ta zamanin kakanni, wadda masana'antu suka daina yi wa harsashi. Kambai yana zaton tun dattijon yana saurayi wannan ce sana'arsa.

Sai hannun dattijon ya kama rawa, albarushin ya zube. Tsohon ya daɗe yana kallon yatsunsa.

Mai shagon ya dafa shi. "Huta, Baba, gobe ma rana ce."

Tsohon ya girgiza kai. "Gobe ma da wannan hannun zan zo."